Lemun Kaka da Haƙorina

A saman benenmu na unguwar Madain Fahd Kaka take hura gawayi bayan magariba. Ta ɗora shayin manya a kasko, mu yara kuma ta haɗa mana lemun tsami da na'a-na'a. Ba ta yarda da injin markaɗe ba. Ɗan turmi gare ta. Sai ta zuba sukari da ganyen, ta danna a hankali, ta matse lemu, sannan ƙanƙara da ruwa.

"Tashinsa za ki yi daga barci, ba kashe shi ba," take ce mini. "In kika dake shi, ɗaci zai rama."

Wata rana ƙanena Basiru ya tambaye ta wa ya fara haɗa shi.

"Yalla, ku matso. Ga ta nan, daga teku ta fito."

Wai wani jirgin ruwa ne ya daɗe bai ga tudu ba, har cuta ta shiga cikinsa. Dasashin mutum ya kumbura, ya yi jini, haƙora su zube. Kullum da safe mai jirgin yakan jera mutane ya ce a buɗe baki. Wanda aka ga jini, sai teku, da ransa. Akwai wata yarinya da wanta ya kamu. Ta lallaɓa ta samo lemu, da ganyen da ke tukunyar mai dafa abinci, da guntun rake, ta yi ta ɗura masa. Da aka zo layi ya buɗe baki, tas.

Ni dai ban ji daɗin ƙarshen ba. Haƙorina na gaba yana girgiɗi, kuma da safiyar ranar na tofa jini. Ga teku a garinmu, Baba yana kai mu duk Juma'a. Na rufe bakina gam. Na daina magana, ba wanda ya lura, don dama ba ni da surutu. Ranar Alhamis na shanye kofi uku, ko na warke kafin Juma'a.

Kaka ta kama haɓata. "Buɗe."

Na fashe da kuka. "Don Allah kar a jefa ni!"

Na zaci za ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta duba, ta rungume ni har na ji zafi. "Famfara ce, 'yar nan. Halas, shi ke nan. Ba mai taɓa ki ina raye."

Da na girma na karanta cewa ana danganta irin wannan haɗin da ƙasar Kuba, da ma'aikatan jirgi masu neman magani, can har giya suke zubawa. Na kawo wa Umma labarin ina murna. Sai ta ce Kaka tana ƙarama suka tsallako teku daga Sudan da wanta. Zazzaɓi ya kashe shi a hanya, aka sa shi a ruwa tana kallo.

Ban san sau nawa ta ba mu wannan tatsuniyar ba. Ban dai taɓa jin ta bar yaron ya mutu ba.