Na Bi Hayaƙi Har Bakin Teku

Tashi daga Setapak

Ana idar da sallar asuba na sauko daga benenmu da ke unguwar Setapak a ƙasar Malayawa, takunkumi a fuska, takardar izinin 'yan sanda a jaka. Lokacin kullen korona ne, ba a tsallaka jiha sai da izini. Na bar wa maigidana Baban Hanif yaran, yana ta mita.

"Mutane na gudun hayaƙi, ke kina bin sa. Ki bari sai baɗi mana."

"Baɗi tallafin karatuna ya ƙare. Bana ne ko babu."

Digirina na uku a kan iskar da ake shaƙa ne. Duk shekara, daga wajen Agusta, hayaƙin gobarar daji yakan tsallako teku ya rufe garuruwan gaɓa, Malayawa na ce masa jerebu. A Port Dickson, wani gari a bakin teku, na kafa na'ura wadda ke zuƙar iska ta cikin farar takarda, dattin ya maƙale. Kulle ya raba ni da ita. Da damina ta sauka kuwa, hayaƙi ya tafi, bincikena ya bi shi.

A hanya

Maƙwabciyata Kak Ros ce ta ɗauke ni a motarta, don a gidan mahaifiyarta na'urar take. Tafiyar ba ta kai kilomita ɗari ba, amma shingen iyakar jihar Negeri Sembilan ya cinye mana awa guda. Ɗan sandan ya juya takardata gaba da baya.

"Me za ki ɗauko a can?"

"Datti, ranka ya daɗe."

Ya dube ni, ya dubi Kak Ros, ya ce, "Boleh lah, ba komai, ku wuce."

Port Dickson

Da hantsi muka shiga. Rana ja kamar gwaiduwar ƙwai, tekun ma ba a gani, ido na yaji. Ni kuwa murna kamar an yi mini bushara da Makka.

Tsohuwar, wadda nake kira Mak Cik, ta tare mu da shinkafar kwakwa. "Makan, ci abinci tukuna, 'yata." Sai da na ci ta ɗauko takardun da na koya mata sauyawa. Farare tas, kamar ba su taɓa barin kwali ba.

Na fita bayan gida da gudu. Ga na'urata an naɗe ta da leda, an ɗaure da igiya tamau.

"Da hayaƙin ya taso na rufe miki ita," in ji Mak Cik. "Kayan amana, in bari ya yi baƙi?"

Wallahi sai da na yi hawaye. Ga haushi, ga kunya, ba halin yi wa uwa faɗa. Kak Ros ta ce mu juya, abin da ya wuce ya wuce. Na ce ta gaida gida, ni nan na ga wurin zama. Na yaga ledar da hannuna.

Sati biyu na yi ina kwana ɗaki ɗaya da tsohuwar. Gari duk ana roƙon ruwa, ni kaɗai nake cewa Allah ya ɗan jinkirta shi, kuma ban ɓoye ba. Ranar da na ciro takardar farko, baƙa kamar gindin tukunya, Mak Cik ta riƙe ta ta daɗe tana kallo.

"Wannan ne ke shiga ƙirjinmu?"

Na ce shi ne. Ta tashi ta rufe tagoginta duka.

Komawa

Ran da hadari ya haɗo na naɗe kayana. Kak Ros ta dawo ta ɗauke ni, ruwa ya raka mu har Setapak, muka iso bayan la'asar.

Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da Kak Ros, da uwar da ta ba ni shimfiɗa. Takardun ba su kai yawan da na so ba, amma sun isa a rubuta digiri. Masu jiran in dawo Kano hannu Rabbana, su gyara zama.