Faɗuwar da Aka Yanke Daga Bidiyo

Wata rana...

Kai, wace irin wata rana. Yau ɗin nan abin ya ƙare, ko hijabi ban cire ba na zauna rubuta muku. Amma bari in faro daga Asabar ɗin da ta wuce, don ku gane.

A unguwarmu akwai wasu 'yan mata shida, makarantarsu ɗaya, duk mayun gem ne. Ni ma ina ciki, amma labarin ba nawa ba ne.

Kowace Asabar bayan la'asar ana haɗuwa a tsakar gidan su Yaya Kubra, 'yar aji shida. A shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, a ajiye awara da yaji a tsakiya.

Akwai wani mataccen hannun gem, irin wanda ake riƙewa ana dannawa, igiyarsa ta tsinke tun zamanin yayanta. Duk wadda ta riƙe shi, ita ce da magana. Ta faɗi gem ɗin da take bugawa, abin da ya yi mata daɗi, da abin da ya ba ta haushi. In ta gama ta miƙa wa ta kusa.

To, a cikinsu akwai Barira.

Barira 'yar aji huɗu ce, baki kamar rediyo. Kowane gem aka ambata ta san shi. Ta san sunan dodon, ta san inda aka ɓoye makulli.

Abin da ba wanda ya sani: wayar Barira tsohuwar wayar Ummanta ce. Hoto biyar za ka ɗauka ta ce maka ta cika. Gem ɗaya tal take iya ɗauka, wani ɗan ƙarami na haɗa bututun ruwa.

Sauran duk kallo take yi. Ta nemo bidiyon wani yana bugawa, ta haddace, ranar Asabar ta zo ta zuba kamar ita ta buga.

Kuma yana tafiya lafiya. Har ranar nan.

Hajjo ce ta fara riƙe hannun. Ita gem ɗin ƙwallo take bugawa.

"Wallahi golan nan nawa kamar an yi masa asiri. Ƙwallo na zuwa dama, shi yana tafiya hagu gaishe da 'yan kallo."

"Ko dai mai danna shi aka yi wa asirin," in ji Murja.

Aka yi dariya. Murja ta karɓa. Nata na gona ne. Sati ɗaya ta yi ba ta buɗe ba saboda gwajin lissafi, ta dawo ta tarar da shanunta sun rame, tumatir ya ruɓe, kaji sun bar gida.

"Malam Lissafi ne ya kashe min gona, kuma bai ma ba ni makin kirki ba."

Sai aka zo kan Siyama.

Siyama baƙuwa ce, zangon nan aka dawo da babanta garin nan aiki. Benci ɗaya suke zama da Barira a aji. A makaranta ba ta magana sai an tambaye ta. A kan tabarmar nan kaɗai ake jin muryarta.

Gem ɗinta sunansa na Turanci dogo ne, sai aka raɗa masa Mai Fitila. Wata yarinya ce take hawan dutse da fitila a hannu. A tsakiyar gem ɗin akwai gadar igiya, iska na kaɗa ta, katakon na zamewa.

Siyama ta juya mataccen hannun a cinyarta.

"Ni dai ina kan gadar nan. Sati uku ke nan. Sau ɗari da tamanin da bakwai na faɗi." Ta ɗaga babban yatsanta, har ya yi kanta. "Amma ina son shi. Ban san me ya sa ba. Jiya na kai katako na tara."

Tana faɗa tana murmushi, irin na wanda ya nuna maka abu mai daraja.

Ta miƙa wa Barira.

Barira ko awarar bakinta ba ta haɗiye ba.

"Gadar igiya? Haba Siyama. Ai wannan ba komai ba ce. Sau ɗaya na wuce. Ki bari iska ta lafa kawai ki ruga, ko ƙanwata za ta iya."

Haka ta gani a bidiyo. Mutumin ya zo, ya tsaya, ya ruga, ya wuce. Ko minti ɗaya bai yi ba.



Siyama ta mayar da yatsanta cikin hijabi.

Yaya Kubra ta kalli Barira, kallo mai tsawo. Ta ce a miƙa hannun gaba.

Kafin magariba, a gurup ɗinsu na waya, sai ga rubutu ƙarami: Siyama ta fita.

Litinin a aji, Barira ta zungure ta da biro.

"Ke, me ya fitar da ke?"

"Ba komai."

"Za ki zo Asabar dai ko?"

"A'a." Siyama ba ta ɗago daga littafi ba. "Sati uku ina abin da ƙanwarki za ta iya. Ashe ni ce ba ni da kai, na zo ina ba ku labari kuna min kara. Sau biyu ina kai yatsa in goge gem ɗin, na kasa. Amma kafin Asabar zan goge."



Daga nan zama ya gagari Barira.

Ta zauna, ta tashi. Ta fere fensir har ya ƙare. Malama ta kira sunanta sau biyu, ta amsa da "Amin". A gida Ummanta ta aike ta sayo gishiri ta dawo da ashana.

"Barira, wai me ke damunki kike zirga-zirga kamar kaza mai neman wurin ƙwai?"

In ta faɗi gaskiya, ta shiga uku da bakin Hajjo har ta gama makaranta. In ta yi shiru, Siyama ta tafi, ta koma yarinyar nan da ba ta magana da kowa.

Talata ta rubuta saƙo, ta goge. Ta sake rubutawa, ta sake gogewa.

Laraba da yamma ta ce bari ta ƙara kallon bidiyon, ko za ta samo wata dabara ta kai wa Siyama, shi ke nan a rufe maganar ba wanda ya ji kunya.

Ta kalla. Ta mayar baya. Ta sake kalla.

A karo na huɗu idonta ya faɗa kan wata 'yar lamba a saman allo, can gefe. Kullum tana wurin, ba ta taɓa kula ta ba.

Kafin mutumin ya hau gada: 14.

Yana sauka a ɗaya gefen: 326.

Ta mayar baya. 14. Ta saki. 326.

Kuma man fitilar da yake cike, ya koma rabi a ƙiftawar ido.

Alhamis lokacin tara, ta hango Yaya Kubra a bakin famfo tana wanke hannu. Ta je, ta dawo. Ta sake zuwa, ta tsaya tana murza bakin hijabi.

"Yaya Kubra, don Allah, a Mai Fitila, 'yar lambar nan ta saman allo, ta mece ce?"

Yaya Kubra ta kashe famfo.

"Wadda ta tsallake gada sau ɗaya ce take tambayata?"

Barira ta kalli takalminta.

"Lissafin faɗuwa ce. Duk faɗuwa ɗaya, ta ƙaru da ɗaya. Taki nawa ce?"

"Ba ni da ita."

"Na sani tun Asabar. Amma ba ni za ki faɗa wa ba."

Ta yarfe hannunta ta wuce.

Wato mutumin bidiyon nan ya faɗi sau ɗari uku da wani abu. Ya zauna ya yanke duka, ya bar guda ɗayan da ya wuce. Ita kuma ta kwaso ta zo ta maka wa Siyama a ka.

Juma'a Siyama ba ta zo makaranta ba, wai ciwon kai. Barira ta wuni tana kallon gefen bencin. Ta goge? Ba ta goge ba? Ta kira bayan an tashi, ba a ɗauka ba.

Yau Asabar, ana idar da la'asar, Barira ta zari hijabi. Ba gidan su Yaya Kubra ta nufa ba. Gidan su Siyama ta yi, da sauri har tana tuntuɓe.

Ta gaishe da Maman Siyama a tsaye, ta tarar da Siyama tana tsintar shinkafa.

"Kin goge?"

"Yau zan goge."

"To kar ki goge sai kin ji abin da zan faɗa. Taso."

"Faɗa a nan mana."

"A gaban mutane na yi ɓarnar, a gabansu zan gyara. Minti biyar. In ba ki so, ni da kaina zan rako ki gida."

Mama ta karɓe farantin. "Tashi ki bi ta, kin ishe ni da zaman shiru."

Suna shigowa gidan su Yaya Kubra, Barira ba ta jira layi ba. Ta fizge mataccen hannun daga cinyar Murja. 

"Ban taɓa buga Mai Fitila ba. Ko sau ɗaya. Wayata ba ta ɗauka. Na dodon nan ma ban buga ba, na tseren mota ma haka. Bidiyo nake kallo. Gem ɗina na bututun ruwa ne."



Hajjo ta ajiye awararta a hankali.

"Wato duk wata uku da kike koya mana gem, ashe mai gyaran famfo ce ke."

Dariya ta ɓarke, har Murja ta kwanta a tabarma. Barira ta tsaya ta shanye, kunnuwanta kamar za su kama da wuta. Ba ta saki hannun ba.

"Ku yi, na ci. Amma Siyama, zo ki ga wannan."

Ta buɗe bidiyon, ta tsayar, ta nuna da farce. 14. Ta saki. 326.

Kawuna shida a kan ƙaramar waya ɗaya.

Murja, wadda lissafi ya kashe wa gona, ita ta riga kowa. "Ɗari uku da sha biyu. A kan gadar kawai."

Siyama ta karɓi wayar. Ta mayar baya da kanta. Ta daɗe tana kallo.

"Wato ni ban ma kai shi faɗuwa ba?"

"Ko kusa," in ji Yaya Kubra. "Ni ɗari biyu da arba'in na yi, kuma har kuka na yi a ta ɗari biyu."

"Yaya, ba ki taɓa faɗa ba."

"Ba ku taɓa tambaya ba."

Siyama ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta ciro wayarta, ta buɗe gem ɗin, ta ɗora a tafin Barira.

"Ga shi. Ki bari iska ta lafa kawai ki ruga."

Hajjo ta ce, "Ko a kira ƙanwarki?"

Barira ta riƙe wayar kamar ƙwai. Ta taka katako na farko. Ta taka na biyu. Iska ta zo.

Fuuu. Sai ƙasa.

Allo ya yi duhu. Tana shirin miƙa wayar, Siyama ta riƙe mata hannu.

"Tsaya. Kalli."

A cikin duhun, yarinyar gem ɗin ta motsa. Ta tashi zaune. Ta kakkaɓe gwiwarta. Ta laluba ta samo fitilar, ta kare ta da tafin hannu, ta hura a hankali. Wuta ta kama, ƙarama, sannan ta girma. Wani ɗan kiɗa mai sanyi ya taso. Ta miƙe ta koma bakin gada.

Barira ta kalli bidiyon gem ɗin nan ya fi sau ashirin. Ba ta taɓa ganin wannan ba.

"Ashe akwai wannan a ciki?"

"Shi ya sa na kasa gogewa," in ji Siyama.

Barira ta sake faɗuwa sau takwas a jere, ba ta wuce katako na uku ba, kuma sai da aka ƙwace wayar da ƙarfi.

Siyama ta karɓa. Ta kai katako na sha ɗaya, muna ta riƙe numfashi, ta faɗi. Har yanzu ba ta tsallake ba. Amma ta dawo gurup, kuma ita ta cinye ragowar awarar tana ba da labari da hannu biyu.

Yaya Kubra ta kafa sabuwar doka: daga yau duk wadda ta riƙe mataccen hannun, kafin ta ce komai, sai ta fara faɗin lambarta.

Aka miƙa wa Barira.

"Tara," ta ce. "Kuma duk nawa ne."

Darasi:

Wanda kika ga ya wuce sau ɗaya, ba ki ga abin da ya yanke ba. Kar ki auna faɗuwarki da bidiyon wani. Kuma kar ki raina wa mutum gadar da ba ki taɓa takawa ba, don kalma ɗaya tana iya sa shi ya kashe fitilarsa.

Ku tura wa wata Siyama da kuka sani, wadda take dab da gogewa. Sannan ku rubuta min a ƙasa: wane gem kuke bugawa yanzu, kuma lambarku nawa? Ban da ƙarya, Yaya Kubra tana karantawa.