Ndubuisi Mai Hoto da Fuskar Ɗana Sila

Ranar Talata, 14 ga Agusta, 2007, ina gona aka zo mini da labarin rasuwarka, Ndubuisi. Na ajiye fartanya na zauna a ƙasa. Wayyo, mai hoton Zuru!

Duk wanda ya tsaya gaban kyamararka, nagatif ɗinsa, wato fim ɗin da ake wanke hoto da shi, yana wurinka. Kowanne ka sa shi a ambulan na takarda, ƙauye-ƙauye, cikin akwatunan ƙarfe da ka ɗora bisa bulo saboda raɓa da gara. Wanda ya taɓa da yatsa, ranar ya sha faɗa. Leda kuwa, ka ce gumi take yi, ta sa fim ya manne.

Da gobara ta cinye ɗakinmu a rani, ta haɗa da hoton ɗana Sila, sojan da ya mutu a Saliyo, ba mu ko ga gawarsa ba. Shi kaɗai ne hotonsa da muke da shi. Uwarsa Rebecca ta daina cin abinci, tana cewa fuskarsa tana ɓace mata. Na zo maka da zafin kaina na tsohon soja. Ka ce, "Baba, kwantar da hankali, Sila yana cikin akwati." Ka fara nema, ciwo ya kwantar da kai.

Da 'yan'uwanka suka zo daga kudu kwashe kaya, sai na tarar sun zazzage akwatunan, sun cusa fim ɗin a buhunan leda, sun jibge a waje, ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Raina ya ɓaci, na yi ta ihu a gidan makoki. Matarka Obiageli ta fito da jajayen idanu, ta ce, "Ku mayar ciki! Baba, kira Mama."

Ruwa yana dukan kwano, Rebecca tana ɗaga fim ɗaya bayan ɗaya a bakin taga. Wasu sun riga sun manne. Ni ban ga komai ba sai fararen fuskoki da baƙaƙen haƙora. Can ta tsaya cak.

"Ga ɗana," ta ce. "Ashe ban manta shi ba."

Ka cika alkawari kana kwance, Ndubuisi. Ubangiji ya jiƙanka, ya karɓe ka cikin salama. Obiageli, Ebuka da ƙannensa, Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku. Amin.