Walimar Ungulu

A Agege na tashi, a wani gidan haya kusa da layin dogo. Bayan magariba mukan kewaye murhun da Inna take dafa miyar da za ta sayar da safe, Kaka kuma ta baje tabarma. Tsohuwar nan ba ta yarda a sha tatsuniya a tashi haka nan ba. Tana gamawa sai ta ce, "To, da me ya yi kama?" In ka amsa, ta ƙara da, "Ina suka bambanta?"

Shekarar da soja suka koma bariki, Kawu Sale, ƙanin Inna, ya fara kawo mata nama da araha. Baƙi-baƙi ne, sai an labta masa citta da yaji kafin ƙarninsa ya kwanta. Inna ba ta tambaya ba, ciniki kuwa ya buɗe.

Ran nan Kaka ta ce, "Ga ta nan, ku tara kunne." Wai ungulu ce ta gaji da ƙyamar da tsuntsaye ke mata. Ta tsinci mushen jaki, ta baɗe shi da kayan ƙamshi, ta kira walima. Suna ci suna santi, sai kurciya ta ce, "Wa ya ga an yanka?" Nan Kaka ta tsaya, ta dube mu.

"Da me ya yi kama?"

Yayana Bala ya ce 'yan siyasa. Kaka ta taɓe baki. "Wannan a teburin mai shayi ka tsinta. Duba kusa."

Ni tukunya nake kallo. Na ce, "Naman Kawu."

Ludayi ya tsaya a hannun Inna.

"Ina suka bambanta, Hadiza?"

Na ce, "Ungulu tana cin nata. Kawu in ya zo, burodi yake ci."

Inna ta kifar da tukunyar a kwata tana kuka. Da aka matsa wa Kawu, ya amsa: shanun da suka mutu a tirela kafin su iso daga Arewa yake saye. Mushe! Wata da watanni muna ci, muna sayar wa bayin Allah. Na yi ta amai.

Yau malama ce ni a sakandare, kuma tambayoyin nan biyu nake wa ɗalibaina. Amma wallahi har gobe in na tuna sai zuciyata ta tashi, ba don naman kaɗai ba. Manyan gidan nan duk suna da hanci, suka yi gum. Kaka ce kawai ta kasa haɗiyewa. Kawu ɗan da ta haifa ne, bakinta ya yi nauyi, sai ta ari nawa.