Jikan Maharbi da Madogarar Kibiya

Sunana Muttaƙa. A unguwar Hindawiyya ta Makka aka haife ni, kuma shekara ashirin da shida ke nan ina jan tasi tsakanin unguwannin Kudai da Jarwal. Kakana na wajen uwa maharbi ne. Da ƙafa ya taso daga ƙasar Katsina, ya bi ta Chadi da Sudan, kuma mahaifiyata Hure ta ce duk tsawon hanyar nan da bakansa ya ciyar da su. Ni kuwa babbar dabbar da na taɓa kashewa ita ce kyankyaso, shi ma da silifa.

Shekara huɗu da suka wuce likita ya ce in nemi abin motsa jiki, don tumbina ya fara gaisawa da sitiyari. Mai hankali sai ya fara tattaki bayan la'asar. Ni sai na ce jinin maharba ne ya motsa. Na tafi Jidda na sayo bakan farauta, irin wanda kunnuwansa biyu suka lanƙwasa gaba, da kibau goma sha biyu.

Matata Nasiha ta dubi bakan, ta dube ni.

"Abu Sami, a Makka za ka yi farauta? Garin da ko tantabara ba a kora?"

"Ai bayan iyakar Harami zan riƙa fita."

"Tayyib. In ɗora tukunya, ko in jira tukuna?"

Kowace Asabar da sassafe nakan fita can wani kwari a wajen gari, in jingina kwalin firiji da dutse, in yi ta harbi. Na ce sai hannu ya faɗa sannan in nemi nama.

A jikin bakan, daidai saman marikin, akwai wani ɗan abu da kibiya ke kwanciya a kai kafin a sake ta. Madogara nake ce masa. Wadda ta zo da bakan ta roba ce, da gam aka liƙa ta. Wata rana na manta da bakan a bayan mota tun daga hantsi har la'asar, a tsakiyar zafin Makka. Da na buɗe sai na tarar gam ya saki, robar ta yi laushi ta langaɓe kamar dafaffiyar taliya. Na sayo guda biyar irinta. Babu wadda ta yi sati uku.

Gaskiya ban ji haushi sosai ba. Duk kibiyar da ta bar kwali ta tafi yawonta, sai in dawo gida in ce madogara ce ta karkace. Na faɗa wa Nasiha, na faɗa wa direbobi a Kudai, har fasinjoji ban ƙyale ba.

Ran nan mahaifiyata ta gaji da ji.

"Wai kai Muttaƙa, mene ne wannan abin da kake ta ƙorafi a kansa?"

Na ɗauko na nuna mata. Ta juya shi a tafin hannu, ta taɓe baki.

"Baba dai a kan ɗan yatsansa yake ɗora kibiya. Ban taɓa jin ya ce yatsan ya narke ba."

Asabar na zagayowa na ɓamɓare robar na jefar, na ɗora kibiya a kan yatsa, na ja tsirkiya ina jin kaina kamar kakan ne ya dawo. Da na saki, gashin gindin kibiyar ya keta mini fata, jini ya tsarto. Kwana tara ina tuƙi da yatsa a naɗe. Duk wanda ya tambaya, ƙofar mota ce ta datse ni.

Na koma shagon da na sayo bakan a Jidda. Mai shagon, Bandar, ya karɓi bakan ya nuna mini wani ɗan rami a jikin marikin.

"Ya ammi, ka san amfanin wannan?"

"Na ɗauka ado ne."

Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce nan ake ɗaura madogara ta ƙarfe da noti, ba ruwanta da gam, ba ruwanta da rana. Ya baje mini iri uku. Ɗaya tana da siririyar waya mai motsi, ya ce ta gwanaye ce amma ba ta jure wurgi a mota. Ɗaya mai tarkace da yawa, kullum sai an daidaita ta. Ta uku gajeruwa ce mai kauri, ko kyan gani ba ta da shi.

"Wace dabba kake harbi?" in ji shi.

Na ce, "Kwali."

"Halas, shi ke nan, ɗauki mummunar. Kai za ka gaji, ita ba za ta gaji ba."

Bai yi ƙarya ba. Shekara uku ke nan ko gezau ba ta yi ba. Ta sha rana, ta sha ƙura, sau biyu bakan yana faɗowa daga saman mota. Abin da ban hango ba shi ne, daga ranar da aka ɗaura ta na rasa wanda zan ɗora wa laifi. Kibau suna nan suna tafiya inda suka ga dama, kuma yanzu kowa ya san daga ina matsalar take.

Watan jiya ina cikin harbi sai ga zomo ya fito daga bayan dutse. Ya zo ya zauna a inuwar kwalin, yana tauna wani abu, yana kallona. Na ɗana kibiya, na ja har kunne. Sai na tuna ban ma san yadda ake feɗe zomo ba. Na sassauta tsirkiya a hankali, na tafa hannu don ya tafi. Bai tafi ba. Na tafa na biyu, na yi masa tsawa da Hausa, na maimaita da Larabci. Sai da ya gama abin da yake ci sannan ya miƙe ya wuce abinsa, ba ko sauri.

Na tattara kibauna, guda goma na samu, na nemi sauran biyun har rana ta fara zafi ban gan su ba.