Hayaƙin Ɗakin Kwano

A shekarun da kuɗin mai suka cika ƙasa, Baba ya yaye bunun ɗakin Inna a Ruwan Godiya ya buga kwano, ya sa 'yar tagar ƙarfe da ba ta fi faifai ba. Duk unguwa sai da aka zo kallo. A ɗakin nan aka sauke ni da na zo gida haihuwar fari.

Gwaggo, yayar Baba, ita ke kula da jegona. Ta sa aka gina gadon ƙasa mai murhu a ƙarƙashi, irin wanda aka yi mata a zamaninta, don kada sanyi ya shige ni. Ba wanda ya lura cewa bunu yana barin hayaƙi ya fita, kwano kuwa mayar maka da abinka yake yi. Ga damina, itace duk a jiƙe. Gwaggo ta zuba masa kananzir, in ya ƙi ci ta ƙara da guntun takalmin roba, ta ja ƙofa, ta toshe taga da tsumma.

Bayan suna jaririn ya fara tari. Hancinsa baƙi ƙirin, ƙirjinsa na lotsawa in ya ja numfashi. Ina gani, amma ɗan fari ne, ko kallonsa a gaban manya abin kunya ne ga uwa. Na yi shiru kwana uku. Har yau ina jin haushin kaina kan wannan shirun.

Ran na huɗu da hantsi na ga leɓensa ya yi duhu. Na miƙe na kama tsumman tagar.

"Ke, mi za ki yi?" in ji Gwaggo.

"Gwaggo, yaron nan bai iya lumfashi."

"Kan ɗan hwari kike buɗe baki, marar kunya?"

Ta kwaɗa mini mari. Na sake kai hannu, ta fizgo ni ta kitso, ta ɗauki muciya ta shiga zuba mini a gadon baya. Ni ma idona ya rufe. Na hankaɗe ta, bakinta ya daki gefen gadon, haƙora biyu suka zube. Na shure tukunyar ruwan wanka cikin wutar, na sunkuci ɗana, na bangaje ƙofa na fita tsakar gida ba ɗankwali, ina kiran sunansa kowa na ji.

Baba ya tare mana motar kasuwa zuwa asibiti. Ba mu kai garin Mairuwa ba yaron ya cika a hannuna.

Aka ce iska ce ta buge shi da na fitar da shi. Baba ya sa na durƙusa na roƙi Gwaggo gafara, na kuma roƙa.

Bayan shekara biyu ƙanwata ta zo haihuwar fari, aka sauke ta a ɗakin. Na ɗauki taɓarya na yi ta dukan tagar har ta faɗo da ƙasar bangon. Gwaggo na zaune bakin ƙofa da giɓinta tana kallo. Sai ta ja kujerarta gefe don hayaƙin ya samu hanya.