Zaidu Mai Rediyo da Dutsen da Bai Faɗo Masa Ba

Zaidu Mai Rediyo taubashina ne. Babana da innarsa ciki ɗaya suka fito, ni 'yar namiji shi ɗan mace, saboda haka bawana ne, kuma ina da izinin faɗar abin da na ga dama a kansa ko yana so ko ba ya so. Mutanen Yelwa sun san shi da abu biyu: gyaran rediyo, da tara duwatsun da suka faɗo daga sama. Na ukun kuwa, mu na gida muka fi sani, wato ƙyashi. Tun muna yara, in aka zuba mana tuwo a kwano biyu, nasa kan huce yana leƙen nawa.

Shagonsa yana bakin kwata, inda jiragen ruwa ke tsayawa ranar kasuwa. Ni kuma ina suyar kifi daura da shi, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a kan idona aka yi.

Wani Buzu mai sayar da kanwa ne ya jefa shi cikin wannan sha'ani. Ya kawo gyaran rediyo, ya rasa abin biya, sai ya ba shi wani baƙin dutse kamar ƙwan zabo, ya ce a hamada ya tsince shi. Zaidu ya wurga shi kan teburi yana tsaki, dutsen ya gangara ya manne wa maganaɗisun wata tsohuwar sifika. Da ya nuna wa wani malamin sakandare mai kawo masa gyara, malamin ya ce irin waɗannan daga sama suke faɗowa, ƙarfe ne a cikinsu. Daga ranar bawana ya kamu.

Duk Bafulatanin da ya sauko shayar da shanu sai ya tare shi da tambaya. Yakan yi gyara kyauta a ba shi dutse, ya ba da batir ko tocila a musanya masa. Akwai wani mai irin ciwonsa can wajen Ƙwanni da suke aika wa juna ta hannun direbobin lori, wannan ya ba da biyu ƙanana ya karɓi ɗaya mai kyau. A hankali ya cika kanta guda. Kowane dutse da gwangwaninsa, an naɗe shi cikin tsumma, an zuba masa ɗanyar shinkafa ta shanye danshi. Babban abokin gabansa tsatsa ce, ga mu kuwa a bakin ruwa. Matarsa Hansatu har ta gaji da ɓoye man keken ɗinkinta, don duk inda ta sa shi sai ya gano ya shafe duwatsunsa da shi. In ka miƙa hannu mai gumi za ka taɓa, ka sha duka a bayan hannu ko kai wane ne.

Da wannan ya yi suna. Daga Shanga har Warra, wanda ya tsinci baƙon dutse wurin Zaidu zai kawo, abin da ya ce kuma ya zauna. Amma akwai abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya. Duk duwatsunsa tsintuwar wasu ne, ba wanda ya san ranar da suka sauko. Burinsa a duniya ya mallaki guda ɗaya da aka ga faɗowarsa da ido. Ya yi shekaru yana tafiya fuska sama, har ya taɓa faɗawa kwata da kwandon wata mai albasa.

To, Allah ba ya raba arziki da shawarar mai so. Damina ta biyu bayan an yanke mana jihar Kebbi, wata rana da la'asar aka ji ƙara kamar aradu alhali babu hadari. Ashe can wajen Warra abin ya sauka, cikin gonar dawar Philip. Philip Bakambare ne, manomi, yana kuma da jirgi mai inji da yake kawo mutane da kaya Yelwa ranar kasuwa. Mutum ne mai sanyin hali wanda bai taɓa ɗaga kai ya dubi tauraro da wata manufa ba. Yana cikin noma ya ga ƙasa ta yi tsalle a gabansa, da ya tona sai ga shi.

Ranar kasuwa ya kinkimo shi cikin buhu, jama'a na biye, har shagon Zaidu. Na bar kifina a wuta na bi su. Da aka buɗe buhun, ni da ban san komai ba sai da na ce tubarkalla. Ya kai kan rago, baƙi wuluk, yana sheƙi, jikinsa duk lotse-lotse kamar an danna ƙullu da babban yatsa. Zaidu ya kawo maganaɗisu, tun bai kai ba ya fizge daga hannunsa ya manne. Na dubi fuskar bawana. Abin da ya yi shekaru yana roƙo ne ya sauko, amma a gonar wani.

Jama'a kuwa sun kewaye Philip, wannan ya ce mai rabo, wancan ya ce a bar shi ya shafa. Ba mai kallon kantar Zaidu.

"Malam Zaidu," in ji Philip, "kai ne masani. Mi ka gani?"

Zaidu ya juya shi, ya taɓe baki irin na mai sayen akuya, ya ce, "Wanga? Kashin maƙera ne."

"Amma da idona nig ga ya hwaɗo."

"Aradu ta kag gani. Ta daki wurin da anka taɓa yin maƙera tun zamanin kakanni, ta tono shi. Kashin maƙera ma ai ƙarhe na, dole shi kama."

Ni na san lissafinsa. A kasuwarmu ba a yabon abin da za a saya, sai an kushe shi tukuna. Yana jiran Philip ya yi tsaki ya ce to riƙe, in ya so ya biya shi da gyaran rediyo. Wannan rabin dalili ke nan. Ɗaya rabin kuwa, bakinsa ne ya kasa furta cewa wani ya fi shi.

Sai dai Philip ba ciniki ya zo yi ba, tambaya ya zo yi, kuma ya yarda da amsar ɗari bisa ɗari. Ya yi dariya ya ce ashe wahalar banza ya sha. Zaidu ya yi maza ya ce ya bar shi nan, zai zubar masa.

"A'a Malam, ba ni ɗora maka nauyi. Dama dutsen da nika tsai da jirgi da shi ya ɓace. Wanga ya hi shi nauyi, ga shi da wurin ɗaure igiya."

Ya saɓa abinsa ya tafi. Zaidu ba shi da bakin taya kashin maƙera a gaban mutanen da ya gama gaya wa ba shi da amfani. Ranar kifina ya ƙone, amma ban yi asara ba, na sha kallo.

Daga nan azaba ta fara. Duk ranar kasuwa jirgin Philip zai iso, ya ɗaga dutsen ya jefa cikin gulbi, tsundum. Zaidu na shago zai zabura kamar shi aka jefa. Dutse ya wuni cikin ruwa, da yamma a jawo shi a yar a gaban jirgi yana ɗiga. Mutumin da ba ya yarda gumin hannu ya taɓa nasa, ga shi yana kallon wanda ya fi su duka yana wanka. Kafin a yanke dawa baƙin ya fara komawa ja.

Ba dabarar da bai yi ba. Ya aike ni in ce ina son dutsen in danne murfin tukunya. Philip ya ce haba Mariyamu, wannan mai tsatsa zai ɓata miki abinci, ya kawo mini wani farin dutse mai kyau daga Warra, har yau yana nan. Zaidu ya samo ƙaton ƙarfen tsohon inji ya kai masa kyauta, wai ya fi riƙe jirgi. Philip ya yi godiya har ƙasa, ya ba wani ƙanensa da bai da abin tsai da nasa jirgin. Da abin ya ishe shi sai ya fara rufe shago yana bin jirgin, wai yana da gyara a Warra. Ya zauna can gaba, ya zaro tsumma da mai yana goge dutsen, yana cewa tsatsa na cin igiya. Philip ya riƙa ba mutane labarin kirkin Malam Zaidu.

Abin da ya fi ƙona shi, wata rana wani fasinja ya duba dutsen ya ce anya wannan ba na sama ba ne? Philip ya ce, "Kai dai bari. Malam Zaidu da bakinai yac ce kashin maƙera ne. Dud ƙasag ga wa ya hi shi sani?" Zaidu na zaune a wurin, tsumma a hannu.

Ya rame, ya daina wasa da ni, abin da bai taɓa yi ba. Na same shi a shago na ce, "Bawana, ka hwaɗi gaskiya ka huta mana."

"In na hwaɗi ya zama nashi har abada."

"To yanzu na wa ne?"

"Yanzu ba na kowa ba na."

Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa, don na gane ya gwammace abin ya lalace da a ce wani ne mai shi. Na ce masa wannan ba son dutse ba ne, ciwo ne. Ya ci gaba da murɗa wata rediyo da ba batir a cikinta.

Abin da maganata ta kasa, tsatsa ta yi. Wata ranar kasuwa da yamma yana gogewa, sai ɓawon dutsen ya ɓamɓaro a hannunsa, faɗin tafin hannu, ƙarƙashinsa ja kamar gyambo. Ya kawo mini shi cikin tsumma ya nuna mini. Ya ce in aka ƙara wata damina haka, ba abin da zai rage sai dunƙulen tsatsa.

Kasuwa ta zagayo. Jirgin Philip ya iso cike da buhunan dawa da mata masu kaji. Philip ya ɗaga dutsen zai jefa, sai ga Zaidu ya faɗa ruwa har gwiwa da rigarsa, ya riƙe igiyar.

"Kak ka jehwa! Don girman Allah kak ka jehwa!"

"Lahiya, Malam?"

"Ba kashin maƙera ba na. Na sama na. Ban taɓa ganin irinai ba, kuma ba ni ƙara gani. Ƙarya niy yi maka."

Har masu dako suka sauke kaya suna kallo. Philip ya sauke dutsen a hankali, ya dubi Zaidu ya ce, "Tun ranar ka sani?"

"Tun ranar."

"Kab bar ni ina jehwa shi ruwa?"

"Ƙyashi na, Philip. Ba ni da wani dalili."

Na ɗauka za a yi faɗa. Philip bai zage shi ba. Ya kwance igiyar, ya tuɓe rigarsa ya naɗe dutsen, ya ce ba zai sayar ba kuma ba zai bayar ba, tunda gonarsa aka kawo masa. Sannan ya ce, "Amma ban san yadda aka kula da shi ba. Sai ka zo ka gwada min."

Ina ganin da ya mare shi da ya fi masa sauƙi.

Labari ya bazu, har da ƙarin gishiri. Mutane suka riƙa zuwa Warra kallon dutse, aka laƙaba wa Philip Mai Dutsen Sama. Fulani da Buzaye suka koma kai masa tsintuwarsu, shi ma ya fara tarawa, yana musanya da mutumin Ƙwanni. Wanda ya kawo wa Zaidu dutse kuwa, in ya ji hukunci sai ya ce bari dai ya ƙara tambaya a Warra. Zaidu ya ci gaba da gyaran rediyonsa, kantarsa na nan, sai dai masu leƙawa sun ragu.

Duk da haka ya je Warra wurin dutsen. Ya yi ta zuwa har rani ya shiga, yana kankare tsatsar da ɗan burushi, yana busar da dutsen a rana, yana shafa mai, yana yi wa Philip faɗa in ya ga ya taɓa da hannu. Shi ne ma ya sa kafinta ya yi wa dutsen akwati mai gilashi.

Ranar da ya gama, ya sauko daga jirgi ya zo ya zauna kan bencina. Na zaɓo masa ragon ruwa mai zafi na ajiye a gabansa, na ce yaya mai jiki?

"Tsatsa ta tsaya," ya ce. "Ya warke."

"To ai sai hamdala."

Ya ture kifin gefe, idonsa ya kawo ruwa.

"Ba ki gan shi ba, Mariyamu. Ya hi da kyau. Ni nig gyara mai shi da hannuna, kuma wallahi har yanzu ban so a ce nashi na."